Iya Emilia, wadda ta ce ba ta sani ba

"Ka ce masa ya mayar da askarsa cikin zabira," in ji Iya Emilia.

"Matata ce, Iya."

"Na sani, ai na ci tuwon bikin. Aska dai ba za ta shiga ɗakin nan ba."

Martins ke nan, mijin yayata Bernice, ma'aikacin reluwe a Kafanchan. Bara ne, 1957. Ya ɗauko wanzami don a yi mata yankan gishiri, wanda ake yi wa mace a gabanta idan haihuwa ta ƙi. Ya ce ciki uku sun zube, danginsa sun ishe shi da magana. Iya ta ce ita ta wanke Bernice duk sau ukun, kuma ta ga matan da fitsari bai ƙara tsaya musu ba bayan wannan yanka. Ya ce to ta faɗi abin da ke damun matarsa.

"Ban sani ba. Wanzamin ma bai sani ba. Ni dai ba na yanka abin da ban sani ba."

Wanzami ya sha ruwa ya kama hanya.

Iya Emilia unguwarzoma ce a wani ɗakin magani kusa da Zonkwa. Da safe takan dafa almakashi da zare, ta shanya tsummoki, ta share ɗakin haihuwa, sannan ta zauna a kan turmi tana jira. Matan ruga kan sauke ƙoren nono a ƙofarta, ba don ciniki ba. Goggo Kubra, ɗaya daga cikinsu, ta gaya mini Iya ta taɓa ƙetare rafi ruwa iya ƙirji, kwandonta a ka, domin 'yarta na naƙuda.

Ciwon Bernice ya girmi aurenta. Tun tana budurwa, duk wata sai ya kama ta a gefen hagu na mara, ta yi amai, ta ciji tabarma. A gida aka ce kowace mace haka take. A ɗakin magani mai ba da magani ya tambayi wanda ya kawo ta, ya juya yana magana da shi, ya zuba mata ruwan kwalbar da yake zuba wa kowa. Ya ce ta haihu, zai wuce. Wani kawunmu ya ce ciwon nan yana da wayo, ya san lokacin haƙar citta. Aka yi dariya.

Iya ba ta tambayar miji. Takan miƙa wa mace hannunta ta ce, "Kama, ki kai shi wurin." Bernice ta ce ranar da Iya ta yi mata haka ne aka fara taɓa daidai inda ke mata ciwo. Iya ta daɗe da hannu a wurin, ta ce akwai abin da bai yi daidai da yadda ta saba jin sa ba. Ba maita ba ne, ba ƙyuya ba ce, ba kuma zunubi ba.

Ita ta raka ta a jirgin ƙasa zuwa babban asibiti. Aka tambaya ina mijin. Aka ce ba a duba matar mutum sai da yardarsa, daga bakinsa. Da aka aika masa, Martins ya ce ba zai tsaya wani namiji ya buɗe masa mata ba. Suka dawo. Har yau ba a koma ba.

Iya, ba ki warkar da yayata ba, kuma ba ki taɓa cewa za ki iya ba. Ke ce dai wadda ta yarda da ita. Ke ce mai zuwa duk wata da kwalbar ruwan zafi a naɗe cikin zane, ki zauna har ciwon ya lafa. Mai tare ƙofa, mai dogon zama. Yanzu ido ya yi rauni, bayan Kirsimeti za ki koma ƙauyenku can gaba da Zangon Kataf. Na gode. Ban iya dogon yabo ba.

'Yan matan da ke gama makaranta, wasunku su koyi aikin nan. Mazan da ke ɗakunan magani, ku juya ku tambayi matar da kanta. Mazan aure, ku shiga jirgin.

Ran Lahadi bayan sujada muka je taya Iya ɗaure kaya. Bernice na ninke zannuwa, ni ina riƙe da igiya. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Iya, duk matan da suka bi ta hannunki, kin taɓa jin mai irin nawa?"