Yatsan Baba a Kan Gilashi

Likitan ido a Yelwa bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce idon Baba na hagu ya tafi, na dama kuma yana kan hanya. Muna fitowa Baba ya ce abu ɗaya ya rage masa: ya ga sunan ƙauyensu a rubuce. Ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa tun da aka yi madatsar Kainji yana saurayi, kuma an ce masa akwai wani tsohon littafi da ya kawo labarin garuruwan da aka tasa.

Na takarda ya gagara samuwa, sai na waya. Na sayo kwamfutar hannu mai faɗi, na zuba littafin a manhajar karatun da ta zo da ita. Na ce ko in karanta masa?

"A'a, ɗiyata. Da kunne na daɗe ina ji. Da idona nika son in gani."

Baba da yatsa yake karatu, yadda aka koya masa a makarantar allo. Yatsa na bin layi, baki na motsi. Manhajar kuwa, ko ina ka taɓa ka ba ta umarni. Ya ɗora yatsa a dama, shafi ya wuce. Ya ja shi, wasu su bi bayansa. Ya tsaya kan kalma mai wuya, sai wani akwati ya fito ya rufe kalmar.

"Wanga abu mi nay yi mai?" in ji shi.

Na ce ya naɗe hannu ya bar ido ya yi aiki. Ya gwada, ya ɓace a layi na biyu. Idon da ya rage ta ɗan rami yake gani, yatsan ne jagoransa.

Na ƙara girman rubutu, sai rabin layi ya fice daga gilashin, ana juya shafi kuma ya koma ƙanana. Maɓallin da ake ƙara girman ma ɗan mitsitsi ne, toka-toka, ni mai ido biyu sai na ƙanƙance su. Wurin neman kalma bai san komai ba, domin shafukan hotuna ne. Har yau ina jin haushin wanda ya tsara abin nan. Da ganin aikinsa bai taɓa zama kusa da tsoho ba.

Hutuna ya ƙare, na koma wurin aiki. Inna ta ce kullum bayan hantsi yana zaune a zaure da littafin. In ya ajiye ya yi alwala, gilashin ya mutu, wani lokacin littafin ya koma farko. Mutumin da tsinken tsintsiya ke riƙe masa wuri a littafi. Haka ya yi ta maimaita shafukan farko har damina ta fita, idon ya bi ta.

Da na dawo na zauna na bi littafin da kaina. Sunan yana nan, can wajen tsakiya, a layi ɗaya tak. Na faɗa masa. Ya miƙo hannu.

"Aza min yatsa bisa."

Na kama yatsan a hankali na ɗora. Shafin ya juya.

"Shi na nan?" ya ce, yana shafa wurin.