Lungun da Makara Kaɗai Ke Ratsawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Sabi'u, ma'aikacin jinya, wanda duk birnin Zazzau ba wanda ya kai shi jin haushin lungunmu. Lungu ne da in ni da tumbina muka shiga, sai akuya ta ja da baya ta ba mu hanya.

Sabi'u ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bincike a kan abu guda: me ke samun majinyaci tsakanin ɗakinsa da ƙofar asibiti? Gida-gida ya bi yana tambaya. Ya gano motar asibiti a bakin titi take tsayawa, mu kuma mu naɗo mutum a tabarma, ko mu matse shi a tsakiyar babur, wuya na lilo. Ya ce wani ba ciwon ke ƙarasa shi ba, ɗaukar ce.

Sai ya kai wa mai walda awon makarar masallacinmu, tunda ita kaɗai ke shan kowace kwana da mutum a miƙe. Aka ƙera gadon ɗaukar majinyaci daidai faɗinta, ya ajiye a masallaci. Wani dattijo ya ce masa, "Malam Sabi'u, tsohuwata tana numfashi za ka ɗora ta a kan ƙanwar makara? Allah Ya sawwaƙe!"

Ranar da Sabi'u ya yanke jiki ya faɗi bayan azahar, ina Ƙofar Doka. Mota ta zo, ta tsaya a titi tana jiniya. Gadon yana nan, amma aka ce kada a yi masa mugun fata. A tabarma aka kinkimo shi, ana karo da bango. Bai kai titi da rai ba. Kafin magariba makara ta shiga lungun, ko gogar bango ba ta yi ba.

Ajali ne, na sani. Allah Ya jiƙansa. Amma da zai leƙo yau, zai tarar har jinjiri yana da wayar kiran mota, lungun kuwa ya ƙara tsukewa, don kowa ya fito da dakali da tankin ruwa.

Gadon yana bayan masallaci, ladan na shanya darduma a kai. Mahaifiyar Sabi'u kuma tana can ƙuryar lungun da hawan jini. Na ce mata, "Inna, in ta kama, a gadon ɗanki za mu fito da ke."

Ta harare ni ta ce, "Ɗan nan, ka bari in mutu tukuna."