Ranar da Ruwa Ya Hau Tudu

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan Azahar, aka bugo waya daga asibiti a Zariya cewa jikana Abdulsalam Bakoji, malamin jami'a, ya rasu yana da shekara hamsin da uku. Ni Hajjo, kakarsa ta Tsohon Birnin Gwari, nake rubuta wannan da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci.

Abdulsalam, mijina na wasa, ka yi mini laifi. Ni ce a gaba a layi, ka tsallake ni.

Da ka shiga jami'a na tambaye ka abin da kake karantawa, ka ce ilimin yadda ruwa da iska suke tafiya. Na zaga gari ina cewa mijina ya tafi Zariya koyon ga-ruwa. Shekara ashirin da shida kana koyar da injiniyoyi, sunan bai sake ka ba, kai kuma ba ka taɓa ɓata rai ba. Har ka taɓa zuwa da wani bututun gilashi, ka zuba kunun tsamiyata a ciki kana duban agogo, wai kaurinsa kake aunawa. Na ce, "Mutane na sha, kai kana awo." Manoman Kutemeshi ma sun zo gaisuwa, suna tuna yadda ka naɗe wando ka shiga fadama ka gyara musu hanyar ban-ruwa.

Da aka ba ka Farfesa, kowa ya kira ka da shi ban da ni. Ka ce, "Hajjo, ke fa?"

Na ce, "Sai ranar da ruwa ya hau tudu da ƙafarsa."

Ka yi dariya ka ce, "Na riƙe ki."

Ashe da gaske ka riƙe. Unguwarmu a kan tudu take, rafi yana can ƙasa bakin daji, kowa kuwa ya san yadda dajin nan ya koma. In mace ta tafi ɗebo ruwa, gida ba ya da sukuni sai ta dawo. Shekara biyu kana zuwa da ɗalibarka Susan, kuna haɗa wani famfo da ba ya shan mai, ba ya neman lantarki, ƙarfin gudun rafin ne kaɗai zai turo ruwan sama. Sau uku yana ƙi, sau uku ina rangaɗa maka guɗa. Ana saura ɗan aiki kaɗan ciwo ya kwantar da kai.

Ranar sadakar bakwai Susan ta shigo, idonta jawur, ta ce, "Kaka, taso ki gani." Na dogara sandata na fita. Sai ga ruwa yana zuba cikin tulu a ƙofar gidanmu. Ta ce, "A asibiti ya ce in ruwan ya iso, ke za a fara kira. Wai akwai magana tsakaninku."

Akwai kuwa. Malamai suna faɗin sadaka mai gudana. Taka dai da idona na ga tana gudu.

Ina yi wa matarka Nafisat ta'aziyya, da 'ya'yanka Zakiyya da Mu'azu, da ɗalibanka duka. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara kamar yadda ka shayar da mu.

Ruwa ya hau tudu. Allah Ya jiƙan ka, Farfesa.