Mala'ikan da Yake Zura Mini Zare

Shekara ashirin ina ɗinkin babbar riga a wani zaure da ke Ƙofar Jatau. Mu biyar ne, kuma ni kaɗai ne Kirista. Kullum daga Wusasa nake shigowa birni, in zauna kusa da wani tsohon Malam mai baƙar magana, wanda bai taɓa yabon ɗinkina ba ko a mafarki.

Sai idona ya fara hazo. Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Ni kuwa ko allurar asibiti gudunta nake, balle a sa mini wuƙa a ido. Na ji tsoro ƙwarai, domin maɗinkin da ya rasa ido ya rasa komai. Na ɓoye wa 'yan zaure, na koma ga addu'a, har ina tsara wa Ubangiji yadda zai yi: ya cire yanar nan ina barci, ba likita, ba wuƙa.

Ɗinki dai hannu ya riga ya haddace. Zura zare a kafar allura ne ya gagare ni. Sai in juya baya kamar mai neman haske, in yi ta sukar iska.

Wata safiya na buɗe gwangwanin da nake ajiye allurai, na tarar da guda bakwai, kowacce da zarenta. Washegari ma haka. Da aka yi mako biyu, na miƙe a coci na ba da shaida cewa Yesu ya turo mala'ika Ƙofar Jatau. Aka yi ta tafi. Matata ce kaɗai ba ta tafa ba. A hanya ta ce, "Maigida, mala'ikan nan da ya iya zura zare, me ya hana shi cire yanar?" Na ce mata ƙarancin bangaskiya ke damunta.

Ran nan na yi sammako, na iske mala'ikan zaune a kan tabarmata. Malam ne, tabarau a ƙarshen hanci, yana lasar bakin zare yana zagin kamfanin da ya ƙera allurar. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ka ɗauka ba mu gani? Wata uku kana gaida ginshiƙin zaure. Rigar wani Alhaji da ka yi wa aska takwas, tara ka yi, ni na warware ɗaya."

Na ce, "Malam, ai na bar wa Allah."

"Ka bar wa Allah, Allah ya bar mini, ni kuma idon nawa ya fara tafiya. Ka je a yi maka aiki tun muna da mai gani a tsakaninmu."

A keken da ya mayar da ni gida na yi wa Ubangiji ƙorafi sosai. Na roƙi mu'ujiza, ya aiko mini tsohon da ke zagina. Amma na gane cewa duk addu'ar nan tawa tsoro ne na yi wa riga, nake kiransa dogara. Ranar aikin na kwanta, na ce, "Ya Yesu, ga idon nan, naka ne." Wannan karon ban haɗa masa da sharaɗi ba.

Idon dama ya buɗe tar. Na hagu na makara, likita ya ce ba zai dawo ba. Na yi kuka, kuma na yi mako ban yi wa Ubangiji magana mai daɗi ba. Ya haƙura da ni.

Ranar da na koma zaure na yi sallama, Malam ya amsa yana fuskantar ginshiƙi. Na zauna kusa da shi, na jawo gwangwaninsa. Ya ce, "Ka yi a hankali, ba na son ƙulli." Hawaye ya hana ni ganin kafar allurar, sai a karo na huɗu zaren ya shiga.