Makullin Mama Saratu

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Fasto Ishaya, wanda ya riƙe ƙaramar majami'armu a Tarauni. Na so in rubuta masa kalamai masu sanyi, amma zuciyata tafarfasa take.

Ma'aikata biyar ne a ƙarƙashinsa, ciki har da Mama Saratu mai shara da shirya teburin jibin Ubangiji. Yaya ba waliyyi ba ne, akwai shi da faɗa, ni shaida ce. Amma idan ma'aikaci ya yi kuskure, babur ɗinsa yake hawa har gidan mutum, a shiga ɗaki a rufe ƙofa, ya wanke shi tas. Ranar Lahadi kuwa sai ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Wannan laifina ne, ku yafe mini." Na taɓa ce masa wannan ai ƙarya ce. Ya ce, "Talatu, ni na ba su aikin. Wa kike so a kama?"

Wanda ya gaje shi ya iya wa'azi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai mumbari ya zama kotunsa. Makonni uku da suka wuce, adaidaita sahun da Mama Saratu ta hau daga Unguwa Uku ya lalace a Gyaɗi-Gyaɗi, aka fara sujada ba a shirya tebur ba. Mutumin nan ya katse wa'azi, ya kira sunanta a lasifika, ya ce ta miƙe kowa ya ga yadda lalaci yake. Matar da ta yi sa'ar uwarsa! Ta miƙe. Da aka tashi, ta ajiye makullin majami'a da ta riƙe shekara ashirin da biyu a kan benci, ta fita, ba ta sake dawowa ba. Dattawa da zumuntar mata, har da ni, duk muka sunkuyar da kai. Shirun nan namu ya fi komai ci mini rai.

Jibi za a yi sujadar tunawa da Yaya. An buga ƙaton hotonsa a kyalle, an tsara masu jawabi. Da zai leƙo, na san ba hoton zai kalla ba. Zai duba bencin baya ya tambaya ina Saratu, kuma ban san bakin da za mu amsa masa da shi ba.

Jiya na kai mata makullin har gida. Ta dube ni ta ce, "Fasto ne ya aiko ki?" Na ce a'a. Ta ce, "To mayar masa, ƙanwata. A gaban jama'a ya tsayar da ni, ba a ɗaki ba."

Babur ɗin Yaya ya daɗe da zama ƙarfe, wa'azinsa ma yawanci mun manta. Abin da ya bar mana kalma biyu ce. An ba ni minti biyar jibi. Zan miƙe da makullin a hannu in ce laifina ne, domin na yi shiru ranar da aka tsayar da ita. Kuma ba zan zauna ba sai na ji ko mai mumbarin ya iya faɗar kalmomin nan biyu.