Gbaka Uku, Masu Gaba Huɗu

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da muka kai yayata ɗakinta ba, daga gidanmu na unguwar Adjamé zuwa unguwar Treichville. Lokacin ina jami'a ina karatun lissafi, abin da Inna ke kira "ɗige-ɗigenki marasa kan gado".

Mata talatin za su raka amarya, aka ɗauko ƙananan motocin bas na haya uku, waɗanda muke kira gbaka. To amma danginmu, Allah ya shirya! Wannan ba ta ga-maciji da waccan saboda rumfar kasuwa, wata kuma kunya ba za ta bar ta ta zauna mota ɗaya da surukarta ba. Inna ta yi tagumi. In mace ɗaya ta yi fushi ta juya, dangin ango za su ce amarya ba ta da mutane, a shekara ana yi mana gori.

Sai na zabura. Ai wannan darasinmu ne! Na fizgo littafina, kowace mace na yi mata ɗigo, duk biyun da ba sa haɗuwa na ja layi tsakaninsu. Aikina in ba kowane ɗigo launi, kada layi ya haɗa biyu masu launi ɗaya. Kowane launi mota guda: ja, kore, rawaya.

Can na ci karo da mata huɗu, kowacce na gaba da sauran ukun. Launi huɗu suke bukata, mota kuwa uku. Na tuna malaminmu ya ce in launi bai isa ba, a sassauta doka, a yarda wani ya jure zama da abokin gaba guda. Amma wa da wa?

Goggo, yayar Baba, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta leƙo.

"Wannan layin na su wane ne?"

Na faɗa mata sunayen mata biyun da layin ya haɗa, da na sauran biyun.

"Kayya, 'yar nan! Waɗannan ai kan anko suka ɓata, kowacce jira take a fara gaishe ta. Haɗa su. Sauran kuwa, ko a jirgin Makka kada ki haɗa su da kowa cikinsu."

Na yayyaga ƙyallayen atamfa, kowacce na ba ta launin motarta, biyun nan na ba su kore. Cunkoso ya riƙe mu a kan gada, ni kuwa sai leƙen motar masu kore nake yi. Muna isa na ruga wajen motarsu. Sai ga su sun sauko, bakinsu jawur da goro ɗaya da suka raba, ɗaya na rangaɗa guɗa, ɗaya na gyara mata ɗankwali! Wallahi tsalle na daka a gaban dangin ango. Inna ta duba, babu wadda ta juya, ta riƙe hannuna da ƙwalla a idonta: "Ashe ɗige-ɗigen na da rana."

Tun ranar na gane takarda na iya nuna inda layi yake, amma sai wanda ya zauna da mutane ya san layin da ya kusa tsinkewa. Har yau in lissafi ya cije mini, Goggo nake tunawa, Allah ya jiƙanta.