Tsagar da Na Yi wa Fensirin 'Yata

'Yata ta kurumce tana shekara huɗu, bayan sanƙarau. Da ta kai bakwai na kai ta firamaren unguwarmu a Kontagora. Hedimasta ya karɓe ta da fara'a. Fara'ar ta yi yawa, ban yarda da ita ba.

Ni mahauci ne, ban yi boko ba. Amma na san wuƙar da ake aiki da ita cinyewa take yi. Ranar da na saya wa yarinyar fensiri, na yi masa tsaga da wuƙa, faɗin yatsa biyu daga bakinsa. Ko uwarta ban faɗa wa ba.

Sati uku tana zuwa tana dawowa. Littafinta ya cika da rubutu, ga jan biron malama a gefe. Uwarta har maƙwabta take nuna wa. Ni fensirin nake aunawa. Yatsa biyu, kamar ranar farko. Ko fiƙe shi ba a yi ba.

Ran Talata na rufe teburin nama, na tafi makarantar ban aika ba. Na tsaya a taga. Tana can layin baya tana kallon ƙeyar yara. Malama na magana, ta ba ajin baya tana rubutu a allo. Wata yarinya ta gama nata, ta jawo littafin 'yata ta hau kwafe mata.

Na shiga ofis.

"Baba, ai da ka aiko," in ji hedimasta.

"Da na aiko da ban gani ba."

Ya kira malamar. Ta ce aji ya cika, ita kaɗai ce. Ta sa ana rubuta wa 'yata ne don kada ta koma gida da littafi fari.

"Tausayi ne, Baba."

"Malama, tausayi akwai shi a gida. Karatu na kawo ta nema."

Hedimasta ya zaro wata takarda, ya buɗe tawada, ya ce in dangwala yatsa a taimaka mata. Na ninke takardar na sa a aljihu. Na kai wa wani tela da ya yi sakandare. Ya ce takardar na cewa ni da kaina na cire 'yata daga makaranta. Ban yarda da shi ba shi ma. Na kai wa mai kemis ya karanta. Maganar ɗaya ce.

Washegari na ajiye masa takardarsa, ba yatsa. Na ce a kawo 'yata layin gaba, malama ta riƙa juyowa yarinyar ta ga bakinta, kowa kuma ya cire hannu daga littafinta. Ya ce sai an tambayi ofishin ilimi. Na ce tashi mu je, ga mashin a waje. Bai tashi ba. Na zauna a bencin ƙofarsa da rigar aikina, ƙuda na bina, har aka tashi. Haka na yi kwana huɗu. A na biyar aka matso da ita gaba.

Yanzu tana aji uku. Rubutunta ba kyau, ya karkace, ya hau kan layi. Na san nata ne. Ban san ko daidai take rubutawa ba, tela ne ke duba mini, wani lokaci mai kemis.

Ina nan kan teburina a kasuwa. Har yau kowane sabon fensiri sai na yi masa tsaga. Sau ɗaya a sati nake zuwa tagar nan, kuma ba na faɗar ranar.